Laftanar Ba Ta Kulle Ƙofa

Ranar da Laftanar Odessa Pettiford ta fara taka ofishin inshorar da ke titin ƙofar bariki, ba don son ranta ta je ba. Mai gidan hayar da ta kama ne ya ce ba zai ba ta makulli ba sai ta kawo takardar inshorar kayan ɗaki. Ta shigo cikin kaki, kai a sama, tana irin takun wanda bai cika wata biyu da fitowa daga makarantar hafsoshi ba. Mu mutanen garin nan mun san takun sarai, don duk shekara sai an kawo mana sababbi.

Wendell Basnight, saurayin da ke teburin farko, ya miƙe da sauri har ya kusa kifar da gahawarsa.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Me za a yi wa inshora?"

"Katifa ɗaya, tukwane biyu, sai kwamfutar da ba ta tashi sai an lallashe ta," in ji ta. "Ɓarawon da ya shiga ɗakina, sai dai ya bar min sadaka."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan yatsanta. A shagon jinginar mahaifinsa ya tashi, ya san zinare kamar yadda mahauci ya san nama.

"Wannan fa?"

Ta dubi zoben mai shuɗin dutse, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce a makarantarsu duk shekara iyalan tsofaffin hafsoshin da suka rasu sukan kawo zobbansu a narke, a zuba cikin zinaren da za a ƙera wa masu fita nasu.

"A shekararmu Mama ta kai na Babana, Kanar Pettiford. Ina da shekara goma sha shida ya rasu. Ni da hannuna na saka nasa a tukunyar narki. Ka ga wannan ba shi da kuɗi."

"Shi ya sa za mu rubuta shi daban."

Ya ciro ɗan madubin masu duba zinare daga aljihu, ya ɗauki hoton zoben ciki da waje, har da sunanta da aka zana a ciki. A ƙarƙashin dutsen ya ga wata 'yar lotsawa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ita ma ya ɗauke ta.

"Ƙofar motar soja ce ta datse ni," ta ce. "Kai kuma har wannan?"

"Har wannan. Saura abu ɗaya, ki riƙa kulle ƙofa."

Ta yi masa kallon tausayi. "Malam, shekara huɗu na yi a inda ba a ƙarya, ba a sata. Ban taɓa riƙe makulli ba."

"Nan ba can ba ne, ranki ya daɗe."

Washegari da safe saƙo ya shigo wayarta: "Barka da asuba. Ofishin inshora ne ke tambaya, an kulle ƙofa?"

Ta amsa: "Duk masu hulɗa da ku kuke bi da wannan tambayar?"

"A'a. Masu shuɗin zobe kawai."

Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Ya koma kiran ta Kwamandata, ita kuma ta laƙaba masa Malam Makulli. Ranar Asabar yakan kai ta cin gasasshen haƙarƙari a rumfar da ke bayan tashar mota, ta ba shi labarin sojojinta talatin da yadda tsofaffin saje ke gyara mata kuskure cikin ladabi. Shi kuwa ya zuba mata ido kamar ana karanta masa albishir. Wata rana ta rubuto masa: "Yau na yi tafiyar mil goma sha biyu da jaka a baya, ban gaji ba. Amma tun safe ban ji muryarka ba, duk na rasa ƙarfi." Ya amsa: "Ga ni nan tafe, Kwamandata. Umarninki kawai nake jira."

Matsala ta fara ne ranar da mahaifiyarta, Madam Lorraine Pettiford, ta zo ganin ɗakin 'yarta. Mace ce mai aji, wadda ta bi miji bariki goma sha ɗaya ba ta taɓa fasa ko kofi ba. Ta soya kaza, ta gasa burodin masara, Wendell ya ci yana santi. Komai lafiya, har ta tambayi sana'ar mahaifinsa.

"Tsohon soja ne, Mama, Saje Manjo Otis Basnight. Yanzu yana da shagon jingina a titin ƙofar bariki."

Ta ajiye cokali a hankali. Bayan ya tafi ta rufe 'yarta da faɗa.

"Shagon jingina, Odessa? Kin san sau nawa ubanki ya dawo gida ransa a ɓace saboda wani ƙaramin soja ya kai zoben aurensa irin shagunan nan bai sake ganin sa ba? Da gumin yaranmu suke gina gidaje. Ga Kyaftin Tillman, ɗan gidan mutunci, kullum sai ya tambaye ni ke."

"Mama, Wendell ba haka yake ba."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Kyaftin Royce Tillman dai ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya. Kyakkyawa ne, takalminsa kana iya duba fuskarka a ciki, sai dai irin mutanen nan ne da suke ganin kowace ƙofa tana da hanyar baya.

Ana cikin haka aka tura rundunar su Odessa atisayen kwana goma a daji. Ba a shiga daji da zobe, don ƙarfen mota na iya kama shi ya tafi da yatsa, saboda haka ta cire ta saka a aljihun tebur. Saƙon Wendell ya shigo tana ɗaura takalmi: "Allah Ya kiyaye hanya, Kwamandata. Ƙofa." Ta yi murmushi, ta saɓa jaka, ta ja ƙofar ta tafi, makulli na rataye a ƙusa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana.

Da ta dawo, ba kwamfuta, ba zobe. Yarinyar da ba ta yi kuka ba ko a ranar da ta karye a horo, sai ga ta zaune a ƙasa tana shessheƙa kamar yau aka yi mata rasuwar.

Tillman ne ya kawo ta ofishin inshora bayan sun fito daga wurin 'yan sanda. Wendell ya ajiye mata takardar neman diyya. A layi na bakwai akwai tambaya: shin ƙofar a kulle take?

"Rubuta e," Tillman ya raɗa mata, amma ba a hankali sosai ba. "Wa ya gani? In kika ce a'a, sai sun ja ki wata da watanni."

Ta ɗago ta dubi Wendell. Alƙalami kawai ya miƙa mata. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: A BUƊE NA BAR TA.

"Zinaren ubana ba zai dawo ta hanyar ƙarya ba," ta ce.

Ni dai da ina wurin, da na sara mata. Wendell kuwa a ranar ya tabbatar ba shi da wata matar sai ita.

Sai dai Madam Lorraine ta samu abin da take nema. Ta kira 'yarta a waya, ta jero mata tambayoyi. Wa ke da hoton zoben? Wa ya san ranar tafiyarki da ranar dawowarki? Wa ya san ba ki kulle ƙofa? Uban wa ke sayen zinare? Odessa ta kwana uku maganar na cin ta, a rana ta huɗu baƙin ciki ya rinjayi hankali, ta tura masa saƙo: "Wendell, ban da kai, wa ya ga hotunan nan?"

Ya daɗe kafin ya amsa: "Ba kowa, Laftanar Pettiford. Na miƙa takardunki ga abokiyar aikina, ita za ta ci gaba da kula da ke."

Daga ranar saƙon safe ya ɗauke. Ta riƙa kulle ƙofa sau biyu, ba mai tambayar ta.

Kamfanin bai ja ta ba yadda Tillman ya tsorata ta. Suka bincika, suka ce gaskiyarta ta wadatar, za su biya. Ta karɓi na kwamfuta, ta ƙi sa hannu a na zoben. Tillman ya ce shi zai sa maƙeran makarantar su buga mata sabo, iri ɗaya sak.

"Kama da wane ba ta wane, yallaɓai," ta ce. "Babana ba ya cikin sabon."

A ɓangaren Wendell kuwa, hutu ya ɗauka a wurin aiki ya tafi shagon mahaifinsa da hotuna a hannu. Baba Otis, dattijo mai faɗin ƙirji da murya kamar ana faretin safe, ya saka tabarau ya duba.

"Halin laftanar ke nan! Ka ba shi taswira ya ɓata, ka ba shi makulli ya rataye a ƙusa. Ita ce ta ce kai ɓarawo ne?"

"Tambaya ta yi, Baba."

"Kuma kana neman mata?"

"Zinaren ubanta ne a ciki."

Dattijon ya sake duban hotunan. Sannan ya ce ɓarawo mai hankali ba zai kawo irin wannan zoben titin bariki ba, nesa zai kai shi wurin masu sayen zinare a awo. Su kuwa sukan riƙe kaya ɗan lokaci saboda doka, daga nan sai tukunya. "In ka yi sa'a kana da wata guda, kuma an ci rabi. Miƙo min wayar can."

Baba Otis ya shiga kiran tsofaffin saje, waɗanda suka yi ritaya suka bazu a garuruwa, wani na gadi, wani na gyaran agogo, wani na zaman banza a shagon aski. Wendell kuma ya hau mota yana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma sha ɗaya yana abu guda, ya shiga shago arba'in da wani abu, ana kallon hoton ana girgiza kai.

Ranar wata Alhamis da hantsi Madam Lorraine ta gaji da ganin 'yarta na ramewa. Ta saka hular zuwa coci, ta ja Odessa a dole, suka nufi shagon Baba Otis.

"Ni ce matar marigayi Kanar Pettiford," ta ce, ba ko gaisuwa. "In zoben 'yata na nan, faɗi kuɗinsa in biya, ba sai an kira 'yan sanda ba."

"Mama!" in ji Odessa, kunya kamar ta nutse.

Baba Otis bai yi fushi ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani akwatin katako ya buɗe. Lambobin yabo ne a jere a kan jan ƙyalle, da zobban aure, da zobban makarantar hafsoshi guda uku, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jiki.

"Ranki ya daɗe, wannan akwatin ba na sayarwa ba ne. Shekara ashirin da shida na yi ina kwana a rami da yaran nan. Duk wanda ya kawo min lambarsa ko zoben aurensa, ina ba shi abin da ya zo nema, in ajiye masa kayansa ko shekara nawa ne. Wanda kuma na gane na sata ne, sai na nemo mai shi. Wannan lambar shekara tara tana jiran wani yaro da ya tafi bai dawo ba. Da zoben 'yarki ya shigo nan, da kafin rana ta faɗi yana yatsanta."

Madam Lorraine ta ɗauki wata lamba irin wadda ke rataye a falonta, ta juya ta, ta mayar da ita wurinta a hankali.

"Ina Wendell?" Odessa ta tambaya da ƙyar.

"Yana kan titi, Laftanar. Yau kwana goma sha ɗaya yana neman abin da kika bari a buɗe."

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya saurara, sannan ya miƙa wa Odessa.

"Baba, na gan shi!" Muryar Wendell ce. "Abokinka Saje Culpepper ne ya hango shi a tiren wani mai sayen zinare, tafiyar awa uku daga gida. Gobe Juma'a suke narki. An goge sunan da ke ciki, mai shagon ya ce ba shaida, amma na nuna wa ɗan sanda hoton lotsawar nan, ya sa madubi ya gani. Baba, kana ji na?"

"Ina jin ka, Malam Makulli," ta ce, hawaye na zuba.

Kafin ya buɗe baki, ta ƙara da cewa:

"Ka tsaya nan inda kake. Wannan umarni ne."

Ita ta tuƙa motar, mahaifiyarta na gefe. A ofishin 'yan sandan garin suka same shi a kan benci, gemu ya tsiro, riga duk ta yamutse. Jami'in ya sa ta sa hannu, ya zazzage zoben daga 'yar leda zuwa tafin hannunta. Ta shafa lotsawar da babban yatsa, ta runtse ido. Ba ta saka shi ba tukuna, sai ta juya ta tsaya a gaban Wendell, ƙafa a haɗe.

"An koya min in na yi kuskure in faɗa ba tare da kawo dalili ba. Na zarge ka, ban da hujja. Ka yafe min."

"Tambayar ta yi min ciwo, Odessa."

"Na sani."

"Amma tun ranar da kika rubuta a buɗe kika bar ta, na san ko me kika yi min ba inda za ni."

Ta miƙa masa zoben da hannunta na dama. "To saka min."

Ya zura mata, sannan ya riƙe ɗaya hannun, ya taɓa yatsan zoben aure. "Wannan yatsan fa, Kwamandata? Na ga ba kowa a kansa."

Kafin ta amsa, Madam Lorraine ta yi gyaran murya. Ta matso, ta gyara masa kwalar rigarsa da ta karkace.

"Ɗana, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ban janye ba. Na ga barewar yau da safe. Ka je ka yi aski, sannan ka zo gida ka tambaye ni yadda ake yi."

Watan shida aka ɗaura auren a cocin bariki. Baba Otis da kansa ya sake zana sunanta inda ɓarawo ya goge, Madam Lorraine kuma ta sa ya ƙara sunan Kanar a gefe. Da aka fito, hafsoshi takwas suka jeru a matakala cikin kayan sarki, suka zare takubba suka haɗa tsininsu a sama, ango da amarya suka bi ta ƙarƙashi. A al'ada, na ƙarshe a layi yakan ɗan taɓa amarya farar hula da gefen takobi ya yi mata maraba da shigowa gidan soja. Yau kuwa ango ne farar hular, na ƙarshen kuma Kyaftin Tillman ne, wanda shi ya roƙi a ba shi wurin. Ya ɗaɗa wa Wendell takobin a baya, da ɗan ƙarfin da ya wuce na al'ada.

"Barka da shigowa soja, yallaɓai!"

Wuri ya kaure da dariya, har da shi angon yana sosa wurin.

A ƙasan matakalar Baba Otis na tsaye cikin tsohon kakinsa, lambobi sun cika ƙirji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsokanar laftanoni ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara wa surukarsa. Odessa ta saki hannun mijinta ta rama, shuɗin dutsen na ɗaukar ido a rana.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji Madam Lorraine, ta dafa kawunansu. "Ya tsare muku abin da kuka mallaka, Ya bar ku tare duk barikin da aka tura ku."

Aka amsa da amin ta ko'ina.

Da la'asar suka tsaya a sabon gidansu don ajiye kaya kafin su wuce liyafa. Da suka fito, Wendell ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa. Ta ciro makulli daga cikin furannin da ke hannunta, ta murɗa sau biyu, ta girgiza ƙofar ta tabbatar, sannan ta saka masa shi a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"An kulle, Malam Makulli," ta ce. "Riƙe mana."